Waƙar da Na Ce an Sace Mini

Edita, ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da na yi wa wani bawan Allah, ko wani zai ƙaru da shi.

A lokacin ni ɗalibi ne daga Damagaram, ina karatu a Bron kusa da Lyon, amma rabin hankalina yana kan jita. Mu huɗu muka kafa ƙungiyar kiɗa: ni, da wani ɗan Cadi mai ganga, da wata Bafaransa mai babbar jita, da wani ɗan garin Garwa da yake rera waƙa. Kiɗanmu rok ne, irin wanda ake jan kukan jitar lantarki ya yi ta amsa-kuwwa har mai sauraro ya ji kamar jiri na ɗibarsa. A Paris akwai wata ƙungiya mai irin wannan kiɗan, shugabanta kuwa abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko. Shi ya koya mini riƙon jita a zauren gidansu. Mutane ne suka fara haɗa mu: in mun yi wasa a ce na Paris sun fi zurfi, in sun yi a ce mun fi zafi. Shi dariya abin yake ba shi. Ni kuwa na sa a zuciya.

Da muka shiga situdiyo a Vaulx-en-Velin don naɗar faifanmu na farko, waƙoƙinmu takwas ne, babu wadda ta tsaya da ƙafarta. Sai na tuno wata waƙa da abokin nan ya ƙaga tun muna gida. Abin da na ƙara mata bai wuce ɗan kiɗan shiga ba, amma na kawo ta na ce tawa ce. Mai gangarmu ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata, don ba ta yi kama da sauran ba. Na ce na tabbata. Muka ja ta minti goma sha ɗaya, muka sa wa faifan sunanta.

Saura wata guda ya fito, sai labari ya zo cewa na Paris ma sun naɗe ta. Maimakon in kira abokin nawa, sai na riga shi baki. A wata hira da rediyon unguwa na ce akwai masu bin bayanmu suna tsintar abin da ya faɗi. Ban kama suna ba, amma daga Lyon har Clichy-sous-Bois da ke gefen Paris kowa ya gane. Aka fara ce masa ɓarawon waƙa, wani mai shirya wasanni ya soke gayyatarsu. Abokin nawa ya cire waƙar daga faifansu, ya saki sauran.

Namu faifan ya karɓu. Muna cikin cin moriyarsa, ƙanwar abokin nawa da ke aure a Lyon ta kai wa mai gangarmu wani tsohon kaset na gida. Ya sa shi a wurin gwaji, gaban kowa. Muryar yayanta ce yana rerawa, a ƙarshe ga tawa ina rantsuwa cewa ya yi waƙa. Babu wanda ya yi faɗa. Bafaransar ta sa jitarta a jaka, ɗan Garwa ya ce Allah ya kyauta. Daga ranar ba mu sake haɗuwa ba.

Bayan shekara shida muka gamu da abokin nawa a wani suna a Paris. Ya bar kiɗa, yana aikin gyaran lantarki. Ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi mahaifiyata da ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Da na roƙi gafara, ya ce ya daɗe da yafewa.

"Ɗan'uwa, da ka tambaya da na ba ka," in ji shi. "Baba na yi wa ita bayan rasuwarsa. Yanzu ko ni kaɗai ba na iya rera ta."

Na kaɗa waƙar nan a gaban ɗaruruwan mutane, ban taɓa tambayar wa aka yi wa ba.

Abin da na gane shi ne, gasar ba tsakaninmu take ba, a cikina take, 'yan kallo suka yi mata fifita. Masu zuga suna watsewa da an kashe fitilu, su bar ka da abin da ka aikata. Duk wanda ake gwada shi da abokinsa, ya kira abokin tun harshensa bai riga shi ba. An yafe mini, amma yafiya ba ta mayar wa mutum abin da aka lalata masa.