Baba Maɓalli, Telan 'Yan Aji Ɗaya

Kafin masu shaguna su gama sharar ƙofa, Baba Maɓalli ya riga ya ɗiga wa kekensa mai, ya rataya tef a wuya, ya jawo ɗan bencin nan mai gajerun ƙafafu zuwa gaban madubi. Babba ba ya zama a kansa. Na yara masu shirin shiga aji ɗaya ne, kuma duk wanda ya tashi a layinmu ya san taurinsa. Makon jiya Baba ya lulluɓe keken da zane, ya ce ido ya gaji, hannu ma ya fara rawa.

Teloli ba su yi mana ƙaranci ba, amma tsarin Baba daban ne, har iyaye masu gaggawa kan yi masa tsaki a bayan ido. Ba ya karɓar awo a baki, sai an kawo masa yaron. Idan ya gama ɗinki kuma ba ya miƙa kaya a leda. Sai yaro ya sa riga da kansa, ya ɓalla maɓalli ya ɓalle, ya sauke wando ya ɗaga. Wanda ya kasa, gobe ya dawo. Wani uba ya taɓa cewa shi fa sauri yake yi. Baba ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Yallaɓai, kai za ka riƙa bin sa banɗaki a makarantar?"

Maman Auta, mai wanki a asibiti, ita ce ta fi kowa sanin amfanin wannan taurin kai. An taɓa kai ɗanta ajin raino da wandon kanti mai ƙugiyar ƙarfe. Fitsari ya matse shi, ƙugiya ta ƙi buɗuwa, kunya ta hana shi magana, ya jiƙa wando a gaban yara. Suka yi ta dariya. Tun daga ranar, ko jakar makaranta ya gani sai ya shige ƙarƙashin gado. Faɗan uba bai yi ba, lallashin kaka bai yi ba. Shekara ta zagayo, sa'o'insa za su shiga aji ɗaya, hankalin uwar ya tashi, don ta san idan ya sake ƙi, da wuya ya ƙara yarda da makaranta.

Da ta jawo shi shago yana turjewa, Baba bai ambaci makaranta ba. Gwangwanin maɓallai ya zazzage a benci ya ce, "Maigida, taimaka mini ka ware manya da ƙanana, ni na tsufa." Washegari ya ba shi tsohuwar riga a jikin hanga ya yi ta wasa da ita. Wandon kuwa roba ya sa masa a ƙugu, da maɓalli ƙato guda ɗaya, ya faɗaɗa ramin daidai yatsun yaron.

Saura baki, wato ya koyi neman izinin fita. Baba ya ɗora ƙyalle a ka, ya siranta murya, ya zama malama. "Wanda yake son fita, me zai yi?" Auta ya ɗaga hannu ya ce a hankali, "Malama, zan zaga." Baba ya ce, "Malama kurma ce, ƙara faɗa." Dattijo mai furfura da ƙyalle a ka, masu jiran ɗinki suna ta ƙyalƙyala dariya, shi ko a jikinsa. A ranar Auta ma ya yi dariya.

Ranar da aka buɗe makaranta, uwar ta kasa tafiya aiki, ta laɓe a gefen katanga tana jiran a fito mata da shi yana kuka. Ba a fito da shi ba. Da aka tashi, bai nufi gida ba sai shago. Ya juya wa Baba baya ya ce, "Baba, taɓa ka ji, a bushe yake. Wani yaro ma ya kasa, ni na ɓalle masa." Har yau idan Maman Auta tana ba da labarin sai ta share ido.

Baba, kai ne ka gane abin da ke tsorata yaro a ranar farko ba allo ba ne, maɓalli ne da kunyar ɗaga hannu. Ba ka taɓa riƙe alli ba, amma malamai sun sha hutu saboda kai, kuma yawancinsu ko fuskarka ba su sani ba. Muna sonka, mun kuma gode. Allah ya ba ka lafiya, ya saka da alheri. Iyaye da teloli, kafin ku miƙa wa yaro kayan makaranta, ku durƙusa ku ga ko yatsunsa za su iya.

Ɗinkin Baba na ƙarshe na 'yar Auta ne, don Auta yanzu magidanci ne, direban bas. Yarinyar ta ɓalla nata tsaf, sai ta lura maɓallin wuyan Baba a buɗe yake, yatsunsa suna ta lalube sun kasa. Ta hau benci ta ɓalla masa, ta ce, "Baba, kai ma gobe ka dawo."