Mai Ludayi Ba Ta Bi Hanyarmu Ba

Ni dai tun ina yarinya ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Kaka takan ce da ƙaya a mazaunai aka haife ni. Abu ɗaya ne ke zaunar da ni, shi ma ba duka ba: tatsuniyarta.

Gidanmu yana Uhudu, bayan rumfunan masu sayar wa maziyarta dabino da carbi. Idan sanyin Madina ya shigo, ana idar da Magariba Kaka za ta hura gawayi a kasko, ta ɗora butar shayi da na'ana'a, mu jikoki mu kewaye ta. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ko takalmi babu." Yayyena maza su ce da Larabci, "Yalla, ya Kaka!" Ai kuwa sai ta yi gum, har sai wani ya amsa da Hausa, "Ta iso mu ji ta."

A saman benenmu akwai 'yan haya Indiyawa, wani tela da matarsa Ummu Salim. Kaka takan hau wurinta da hantsi, su yi ta hira da gurgun Larabcinsu, talabijin na kunne a tashar ƙasarsu. A talabijin ɗin Kaka ta fara ganin wata 'yar jarida. Yau a gan ta tsaye cikin ambaliya, ruwa har gwiwa. Gobe tana gindin duwatsu da hular kwano, ana harbe-harbe a bayanta. Jibi ta sa wani babban minista a gaba tana yi masa tambaya yana share gumi. Ummu Salim ta ce duk Indiya ba wanda bai san ta ba, wasu na yabo, wasu na zagi. Kaka ba ta jin ko kalma ɗaya, amma makirfon da matar ke riƙewa ya tsaya mata a rai. Ludayi take ce masa.

Daga nan tatsuniyar Mai Ludayi ta fito. Wata yarinya ce, in ji Kaka, ludayinta ba na fura ba ne. Gari-gari take bi, ta kai shi bakin wanda ba a saurara, ta ɗebo maganarsa, ta je tsakiyar kasuwa ta juye kowa ya ji. Ta ɗebo ta manomin da ruwa ya cinye gonarsa. Ta ɗebo ta uwar sojan da bai dawo ba. Sarki ya hana ta, ta kai ludayin bakinsa shi ma. Ana nan, sai ta isa wani ƙauye na masu tsinkar auduga, ta tarar da wata ƙaramar yarinya kwance a tabarma, zazzaɓi ya kama ta. Ta durƙusa ta ce, "Wa kike jira?"

Kullum a nan Kaka ke tsayawa. Sai ta ce shayi ya huce, ta kama fifita gawayi. Ba ƙarshe, ba ƙurunƙus. Wayyo, abin yana cin raina! In tashi, in zauna, in zaga kasko.

"Sai ta ce me, Kaka?"

"Ke uwar tambaya, ki bar ni in huta."

Wata rana na riƙe mayafinta na ce ba zan saki ba.

"Ba ta ce komai ba, Balkisu," in ji ta. "Mai ludayin ba ta je can ba. Ni ce nake kai ta."

Yarinyar da ke kwance a tabarmar ƙanwar Kaka ce, Hansatu. Da ƙafa suka baro gida da mahaifinsu za su Hajji, suna tsayawa a Sudan suna tsinkar auduga don neman guzuri. Hansatu ta kwanta ciwo, ayari kuma ba ya jira. Aka bar ta a hannun wasu Hausawa da alkawarin za a dawo bayan Hajji. Mahaifin ya rasu a nan Madina, Kaka kuwa tana ƙarama, ko sunan ƙauyen ba ta riƙe ba.

"Da irin wannan Ba'indiyar ta bi hanyarmu," ta ce, "da ta kai mata ludayin, ta faɗi sunana, na ji."

Washegari na haura sama a guje, na ce wa Ummu Salim ta buga wa 'yar jaridar waya, ta ce mata ta tafi Sudan. Ta fara dariya, da ta ga fuskata ta daina.

Na girma ina bibiyar matar nan. Furfura ta fito mata, ta bar babbar tashar, amma har yau sai ka gan ta a gefen titi tana tafiya da masu kaya a ka. A wurinta na koyi abin da ya fi yi mini wuya a duniya: in yi tambaya, in yi shiru har mutum ya gama. Na karanta aikin jarida, yanzu ina da ɗan shiri na Hausa a intanet, masu saurare suna tsokanata wai rabin Hausata Larabci ne. Su dai suka sani. A shirin farko na faɗi sunan Hansatu da na mahaifinsu, Kaka na riƙe da waya a kunne. Ta rasu ba a amsa ba. Wannan ciwon yana nan, ban warke ba, kuma ban daina faɗin sunan ba.

A makon jiya muna tsakiyar shiri wata tsohuwa ta kira daga Sudan. Na miƙe tsaye. Ta ce ita ba Hansatu ba ce, sunanta Ladi, ita ma a hanya aka bar ta. Wai ko akwai wanda ya taɓa zuwa yana tambayarta?

Na koma na zauna. Na ce, "Iya, faɗi sunan babanki da ƙarfi. Ana jin ki."