Waƙar da na yi wa Kawu Ilu

Ranar wata kasuwar Sae Sabuwa ce, cikin kakar 1979, ana tsakar yankan gero, Kawu Ilu ya sauko daga amalanke a ƙofar gidanmu. Ƙanen Inna ne, sojan Najeriya, daga wajen Jibiya inda danginta suke. Kayan gida ya sa, amma takalmansa na soja ne, baƙaƙe wuluk, suna ta ƙyalli. Shekarata goma sha ɗaya, ban daɗe da barin lakol, wato makarantar boko, ba. Ni na kai masa fura, ina ta kallonsa, don ban taɓa tsayawa kusa da wanda ya shiga jirgin sama ba.

A lokacin soja ke mulki can Najeriya, soja ke mulki nan ƙasarmu, kuma iyakar saninmu game da soja shi ne a kauce masa. Sai ga wannan zaune kan tabarma yana gaya wa dattawa cewa daga Cadi ya dawo. Gwamnatinsu ce ta tura su shiga tsakanin 'yan ƙasa ɗaya da ke kashe juna, don manyansu sun ce fitinar ba za ta tsaya a Cadi ba. Ni kuwa tun kafin ya huta na riga na shaida wa ƙawayena a bakin rijiya cewa kawuna ya kashe mutum ɗari. Da na koma ɗaukar ƙwarya sai na tambaye shi a hankali. Ya yi murmushi ya ce, "Ko ɗaya, ɗiyata. Ba harbi aka aike mu ba."

Haushi ya cika ni. An san ni da ƙaga waƙa wajen daka, don haka washegari ina riƙe da taɓarya na yi masa zambo, na sojan da ya kai bindiga yawo Cadi ya maido ta da tsatsa. Kafin kwana uku duk turmin da ke unguwar da waƙar yake tafiya.

Ana cikin haka shanun wasu makiyaya suka faɗa gonar waken Baba. Mazan gari suka fito da gatura, makiyaya suka yi layi da sandunansu, jandarma kuwa suna can nesa. Ina kan tarin dammunan gero na ga Kawu ya ratsa kunyoyi hannu banza, ya zauna dirshan a tsakiyarsu. Ya ce, "Mai son wucewa, ta kaina zai bi." Wata sanda ta sauka a kafaɗarsa, har inda nake na ji ƙararta. Bai tashi ba, bai ma juya ya ga mai ita ba. Haka ya zauna cikin rana har Maigari da Arɗo suka iso aka duba ɓarna, kowa ya koma da ransa. Ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar zaman nan ba.

Ranar da zai tafi Inna ta ɗora mini jakarsa in yi masa rakiya. Muna wuce rijiya 'yan mata suka ɗauki waƙar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "An ce ke kika yi ta. Ba ki yi ƙarya ba." Na miƙa masa jakarsa ban ba shi haƙuri ba. Bai sake zuwa ba, kuma ina da goyon ɗana na biyu aka aiko mana da rasuwarsa.

Yau jikokina sun san ƙarar bindiga tun ba su san daka ba, kuma masu zama a tsakiya sun yi wuyar samu. Har yanzu akwai tsofaffi a Sae Sabuwa da ke tuna zambon nan su yi dariya. Zaman da ya yi a gonar wake kuwa ba wanda ya yi masa waƙa, ni ce ya kamata in yi.