Ajin Yaya Rabi a Bayan Shanya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta. Ni ce Gambo, ƙanwarta. Ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce kada a rage ko kalma ɗaya.

A zamaninmu a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki, yaron da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya taka ƙofar makaranta. 'Ya'yanmu na Takari sai gantali a lungu. Yaya ta yi boko a Kano kafin mu zo hajji mu zauna, sai ta hau saman gidan da muke haya ta buɗe aji. Ni wankin alhazai nake yi. Kullum da safe in kewaye wurin da shanyar zannuwan gado, su tare rana, su tare idon mai gidan. A bayan wannan shanya aka koyi lissafi da Larabci da Turanci. In iska ta ɗaga zani, yara su yi tsit har ya sauka.

Wata shekara wata hajiya baƙar fata daga Amurka ta hau sama karɓar wankinta, ta tarar da aji. Ta zauna ta yi ta hawaye. Ta gaya wa Yaya cewa su ma a can an taɓa ware musu makarantunsu na sakandare saboda launin fata, malamansu baƙaƙe suka riƙe su da mutunci. Da aka haɗe makarantu, aka rufe da yawa, aka sallami malaman. Amma har gobe tsofaffin ɗalibai suna taruwa duk shekara don kada sunan ya mutu. Yaya ta juyo ta ce, "Gambo, kin ji? Namu ma za su taru."

Ba su taru ba, Yaya. An rushe gidan, otal ya hau wurin. Bara a wani biki a unguwar Shisha na ji Safiya, wadda kika koya wa riƙe biro, tana gaya wa dangin mijinta da Larabci wai makarantar kuɗi ta yi. Na miƙe da sandata na ce, "Ke Safiya, wace makarantar kuɗi? Ni nake wanke bangon ajinku!" Mata suka kwashe da dariya. Ta ce, "Khala," wato gwaggo da Larabci, "don Allah." Na ce ba a saka Allah a ƙarya.

Na san da kina nan cewa za ki yi in ƙyale ta, ai karatun ya shiga, shi kika nema. Ke ce mai haƙurin. Ni a ce yaran nan daga sama suka faɗo da iliminsu, wannan ban yarda ba.

Don haka bana na aika wa duk wanda ya taɓa hawa benen nan: Juma'a bayan la'asar, ɗakina a unguwar Misfala, na yi tuwo. Wanda ya zo, ya faɗi sunan malamarsa da ƙarfi kafin ya sa hannu a kwano. Wanda kunya ta hana, ya yi zamansa. Sunansa yana bakina, kuma ba a biki a garin nan ban je ba.