Ina Kabarin Kakanka?

Edita, lokacin da wannan abu ya faro ni saurayi ne mai ƙarar murya da ƙarancin aikin yi, shi ya sa wata 'yar ƙaramar jam'iyya a garinmu ta damƙa mini lasifika. Wani tsohon malamin makaranta ne ya kafa ta, bayan babbar jam'iyya ta hana shi takara. Aƙidarmu ba ta da tsawo: ƙasa ta masu ƙasa ce, a rufe iyaka, a kori baƙi daga kasuwa. Ma'auninmu kuwa maƙabarta. Duk wanda ba zai iya nuna kabarin kakansa a garin ba baƙo ne, ko da a nan aka yanke masa cibiya. Ko kansila ba mu taɓa ci ba, daga baya ma muka dare biyu a kan wanda zai riƙe tuta. Amma mun yi ɓarna. Akwai wani tela ɗan asalin Chadi da na dinga tsayawa ƙofar shagonsa ina tambayarsa kabarin kakansa, har ya kwashe kekensa ya bar garin. Har yau in na tuna shi kunya ke kama ni.

Da jam'iyya ta mutu na zo Umra, na maƙale a Makka ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ni mai korar baƙi, sai ga ni ina leƙen lungu kafin in fito. Da aka rushe ɗakinmu a unguwar Nakkasa, wani dattijo mai tsire a unguwar Mansur ya ba ni wurin kwana a bayan shagonsa. Bahaushe ne da iyayensa suka biyo ta Chadi da Sudan. Bai tambaye ni komai ba sai ko na iya yanka albasa. Yana da 'ya bazawara, ga tsiwa ga dariya, ita ke kawo yaji daga gida. Ranar farko ta ce ina yanka albasa kamar ta yi mini laifi. Daga nan zance ya yi nisa, har na ce ina sonta, ta ce in je wajen Baba.

Ana cikin haka wani ɗan garinmu ya tura mata tsohon bidiyona, ina tsaye kan mota ina ihun a kori 'yan Chadi. Ta nuna wa mahaifinta. Na saddaƙar aure ya tafi, wurin kwana ma ya tafi. Bayan 'yan kwanaki sai maƙwabcinmu ya rasu. Aka sallace shi a Harami tare da wasu gawawwaki, ba wanda ya tambayi ƙasarsu. Muka raka shi maƙabarta, fili ne fetal da 'yan duwatsu, ba suna ba alama. Da aka rufe, dattijo ya kama hannuna ya ce shi nasa mahaifin a Kano aka haife shi, a Chadi ya girma, a Sudan ya yi aure, ga shi kwance a nan, shi kansa ɗan nasa bai san wane dutse ne na kabarin ba.

"To ya waladi, ɗana, kai ne gwani," in ji shi. "Nemo mini shi, in san ko ni ɗan gari ne."

Na fashe da kuka kamar yaro. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce halas, ya isa haka, in share fuska, surukinsa ba ya yawo da majina a titi. Wallahi sai da muka kusa gida na gane abin da ya ce, na tsaya a tsakiyar hanya ina dariya kamar taɓaɓɓe.

Ranar biki amarya ta kafe sai an nemo mini lasifika, ta ce tunda Allah ya ba ni murya, ni zan kira mutane cin abinci. Haka na tsaya bakin lungu ina kiran 'yan Nijar da 'yan Sudan da 'yan Chadi da duk mai wucewa, su zo ga shinkafa. Ban taɓa jin daɗin muryata kamar ranar ba. Yanzu muna da yara, Larabcinsu ya fi Hausarsu, kuma in na cika faɗa uwarsu kan ce su tambaye ni kabarin kakana, gida ya ɗauki shewa.

Samari, duk wanda ya miƙa muku lasifika ya ce ku tantance ɗan gari da baƙo, ku mayar masa da kayarsa. Ba wanda ya san inda ƙafarsa za ta kai shi neman wurin kwana. Telan nan kuwa, in kana raye ka yafe mini. Wataƙila a filin maƙabartar nan za a rufe ni, ba suna ba alama, kuma in da ma'aunina za a auna jikokina, ba su da gari a duniya.