Inbatar da Hayaƙin Banda Ya Kashe

Gyaran rediyo na koya tun ina saurayi, a wata rumfa bayan kasuwar Yelwa, kuma a nan na tsufa. Karatuna bai wuce firamare ba. Da rediyo ya ja baya sai na koma haɗa inbata, akwatin nan da ke karɓar wutar batir ya mayar da ita irin ta gida.

Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar Inna, tana zaune a wani ƙauyen bakin tafki kusa da Wara. Bandar kifi ce sana'arta tun aurenta, har hayaƙi ya fara cin idonta. A asibiti aka gaya mata in ba ta rabu da shi ba, wata rana ba za ta gane fuskar jikokinta ba. 'Ya'yanta suka samo mata faifan sola da batura da tsohuwar firiza, don ta koma sayar da ɗanyen kifi da ƙanƙara. Inbata kuwa aka bar mini.

Ƙarfin inbata yana jikin wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu ƙafa uku da muke kira mosfet. Sahu biyu ake jera su, suna karɓa-karɓa: wannan sahu ya buɗe wa wuta hanya, wancan ya rufe. Ɗan haɗin da ke ba su umarni shi muke ce wa direba. Ƙafar da ke karɓar umarnin tana da saurin ji ƙwarai, ko yatsa mai gumi ka ɗora mata sai ta buɗe. Shi ya sa ake ɗaura mata ɗan ƙaramin razista, ya riƙe ta a rufe har direba ya yi magana. In sahu biyun suka buɗe tare, sai dai ka ji ƙara.

Kayan nan ba a samunsu a Yelwa yadda ake so. Wasu ina ciro su daga matattun injinan ofis, wasu ina ba direbobin Kano sautu. Na sautun ma da yawa jabu ne, an goge lambar asali an buga wata. Nakan shafa musu fetur da yatsa, wanda lambarsa ta goge in jefar. Na Yaya na zaɓa ɗaya bayan ɗaya daga waɗanda na daɗe ina ɓoyo. Razistocin ne kawai ba su iso ba, motar da ke ɗauke da su ta lalace a Kontagora. Na kunna akwatin haka nan a rumfata, ya ja fanka da ƙwan lantarki wuni guda ko ɗumi bai yi ba. Na ce ai shi ke nan, na ɗaure shi a bayan kabu-kabu.

A gidan Yaya ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano da kwaɗo, shi ne wanda take ajiye busasshen kifi a ciki, jingine da murhun banda. A nan na kafa shi. Firiza ta ɗauka. Yaya ta sa hannu ta taɓa ƙanƙarar farko, ta ce, "Auta, ashe dai goyona bai tafi banza ba."

Farkon damina aka aiko mini cewa akwatin ya yi ƙara ya mutu, tarwaɗa da karfasa cike da firiza sun lalace. Na je raina a ɓace, don na san irin kayan da suka ƙone ba zan sake samun kamarsu da sauƙi ba.

"Yaya, gaya mini gaskiya, dutsen guga kuka jona?"

"Mi za ni gogewa? Zanen kifi?"

"To hitar dafa ruwa ce. Abin nan ba ya mutuwa haka kawai."

"Auta, ni na wanke maka kashi, yau kai ka tuhuma ta da ƙarya? Ɗauki abinka."

Na ɗauka kuwa. Na cusa shi ƙarƙashin benci ban ko kwance shi ba, ina jiran ta aiko ta ce an jona wani abu. Ba ta aiko ba. Ta koma bakin murhu, damina guda tana cikin hayaƙi.

Da kaka wani ya nemi taransifoma, na jawo akwatin don in cire nasa. Ina buɗe murfi ƙaurin kifi ya buge ni. Allon da kayan haɗin ke jere a kai gaba ɗaya ya yi baƙi da wani maiƙo mai danƙo, hayaƙin bandar maƙwabta da na 'yar bandar da Yaya ke yi ta ragowar kifi, fankar akwatin ta yi ta zuƙowa ciki, laimar tafki ta jiƙa shi. Na ɗora mitar awon wuta a kan maiƙon, allura ta motsa. Wuta ta bi ta cikinsa ta kai ga ƙafar nan mai saurin ji, ba razistan da zai riƙe ta. Razistocin kuwa suna cikin gwangwani a gabana, sun daɗe da isowa.

Na wanke allon da fetur da buroshin haƙori, na sa sababbin mosfet, kowanne da razistansa, na shafe allon da banish, man kariyar nan na masu naɗin waya, har ya yi ƙyalli. Na mayar da akwatin gidan Yaya, na tafi da bulo da kwano, na gina masa ɗan ɗakinsa can nesa da murhu.

Na same ta tana juya kifi, ta ɗora jiƙaƙƙen tsumma a ido ɗaya. Na durƙusa na gaya mata abin da na gani, na ce ta yafe mini.

"Wato ba ni na yi guga ba?"

"Ba ke ba ce, Yaya."

"Faɗi da ƙarfi, matan gidanga su ji."

Na faɗa da ƙarfi. Suka yi ta dariya, ita ma ta yi, ta tura aka zubo mini tuwon shinkafa.

Akwatin yana aiki har yau, murhunta kuwa kaji ke kwana a ciki. Idon dama ya tsira. Na hagu bai dawo ba, kuma ban san ko daminar nan ce ta ƙarasa shi ba. Na taɓa tambayarta, ta ce in bar zancen, wai ido ɗaya ya ishe ta ganin furfurata. In na je gaishe ta, a damanta nake zama.