Burtalin da Na Goge

A shekarar ƙarshe ta karatuna a Maraɗi, makaranta ta ce kowa ya nemi inda zai yi sitaj, wato koyon aiki, na shekara guda, kuma wanda bai dawo da takardar shaida mai sa hannun ubangidansa ba, babu shi babu dipilom. Ni harkar filaye da gine-gine na karanta, sai na faɗa hannun wani Alhaji a Tasawa, mai biro, wato ofis, na sayar da filayen kasuwanci da ba da hayar butik da magaze, wato shaguna da ɗakunan ajiyar kaya.

Biron ɗaki ɗaya ne a bakin gudron, babbar hanyar kwalta, da fanka guda wadda aka kafe ta tana kallonsa shi kaɗai. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke, ƴar sitaj," shi ke nan, ko da hannunsa zai iya kaiwa ga abin da yake nema. Wata huɗu na yi ina shara, ina dafa shayi, ina yawon kai makullan butik cikin rana. Idan ƴan ƙauye suka zo sayar da gona, sai ya juya harshe zuwa Faransanci don ya ruɗa su, Faransancin da ko ɗan aji uku zai ji kunyar yin sa. Ni ko ina tsaye da butar shayi ina gyara masa a zuci. Ranar da ya gano na iya awo da zanen fili, daga nan duk zanen biron ya dawo kaina, shi kuma nasa buga hatimi da karɓar yabo.

Cikin bazara ya ɗauke ni a motarsa zuwa wajen Maijirgi. Ya sayi gonaki biyu a bakin gudron, yana so ya sayar wa wani ɗan kasuwa daga Mayahi da zai jera magaze na hatsi. Muna sauka na ga abin da ke tsakanin gonakin: wata doguwar hanya mai faɗi, ƙasarta a daddaɓe, an dasa aguwa a gefe da gefe.

Ni ƴar wani ƙauye ce a bayan Korgom. Mutanenmu suna noma suna kiwo, kuma na bi awaki tun kafin in riƙe alƙalami. Ba sai an gaya mini ba, burtali ne, hanyar da manoma ke bar wa dabbobi tsakanin gonaki don su wuce da damina ba tare da sun taɓa shuka ba. Ba a noma shi, ba a sayar da shi, ba na kowa ba ne. Aguwar ma don dabba ba ta cin ta ake dasa ta, ta zama shaida. Na kuma san wannan burtalin musamman, don ta nan mahaifina ke ƙetare gudron da shanunmu duk farkon damina in zai yi arewa wajen Urafane.

Alhaji ya miƙo mini igiyar awo ya ce, "Ki auna daga wancan icce har wancan, ki yi mani hili guda."

Na ce, "Alhaji, ai biyu ne. Ga burtali nan tsakani."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Burtalin mi? Kin ga saniya nan?"

"Rani ne, Alhaji. Da ruwa ya sauka za su zo."

"To in sun zo su gwada mani takardarsu."

Ya yi dariya, ɗan kasuwan ma ya taya shi. Shi dai ɗan kasuwan doguwar fuska yake so a bakin hanya inda manyan motoci za su tsaya, sauran bai dame shi ba. Kafin mako ya zagayo, Alhaji ya sa an tumɓuke aguwar an ƙone.

Na yi zanen yadda na ga wurin, gona a nan, gona a can, layi biyu a tsakani. Na ajiye masa a kan tebur. Ya duba, ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardar shaidata da makaranta ta aiko, wadda ba a cike ba tukuna. Ya ɗora ta kusa da zanen, ya danne da kofin shayi.

"Ɗiyata," in ji shi, kuma ranar ce ya fara kirana haka, "wagga takarda hannuna take jira. Waccan kuma hannunki take jira. Ki goge layukkan ga."

Kwana uku na yi ban goge ba. Ina so in ce tsoron Allah ne ya riƙe ni, amma gaskiya har da tsabar ƙiyayyarsa. A cikin kwanakin nan bai yi mini faɗa ba, sai dai kullum da safe ya fito da takardar ya kaɗe mata ƙura ya mayar. Na yi tunanin shekarun da na yi a Maraɗi, da yadda duk ƙauyenmu ni ce mace ta farko da ta kai nan. Na ce wa kaina ko na ƙi, wani zai zana. Rana ta huɗu na goge. Bai ɗauke ni minti biyar ba.

Da na kai masa, sai ya turo mini alƙalami. Ya ce ai na ƙware, lokaci ya yi da zan riƙa sa sunana a aikina. Wata da watanni yana cin gumina bai taɓa yarda sunana ya hau takarda ba, sai a wannan. Na gane abin da yake yi sarai, mugun tsoho, so yake in magana ta tashi laifin ya faɗo kaina, kuma na rubuta.

Kafin ruwan farko an ja katanga an fara jera bulo. Da shekara ta cika ya cike mini takardata, ya zuba yabo har layi bai ishe shi ba. Wai ni mai biyayya ce. Na karɓa ban yi masa godiya ba, na fita ban waiwaya ba.

Bayan girbi na je gida da dipilom a jaka. Na tarar da mahaifina hannunsa na hagu ba ya miƙewa sosai. Shi ya ba ni labari da bakinsa. Sun iso bakin gudron da shanu suka ci karo da katanga. Na baya suna turo na gaba, garken ya fashe ya afka gonar wani, gero ya kai gwiwa. Mai gonar ya fito da ƙotar hauya. Bayan dukan kuma aka tsayar da shi gaban maigari, da furfurarsa, yara suna kallo, ana kiran sa maɓarnaci. Wannan ya fi masa ciwo a kan hannun.

Ya shiga ɗaki ya fito da wata takarda a naɗe cikin leda. Makiyaya sun haɗa kai sun samo kwafin zanen wurin daga hukuma, suna so su kai ƙara. Shi bai yi boko ba. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya danne gefe da babban yatsa.

"Allah ya kawo ki," ya ce. "An ce wanda yay yi zanen ga ya sa sunanshi nan ƙasa. Karanta mani in ji ko ɗan wane ne."

Da na so, ina iya karanta sunan Alhaji maimakon nawa, ga hatiminsa nan ɓaro-ɓaro, kuma babu mai ƙaryata ni a gidan. Na dubi hannun nan da ba ya miƙewa. Na karanta abin da ke rubuce, sunana, sannan na mahaifina, don a takardar boko sunan uba yana bin na ɗiya.

Bai ɗago ba. Ya ɗauke yatsansa daga kan takardar, ya goge shi a jikin rigarsa.

"Ashe har da ni a ciki," ya ce.